Kaktus ɗinka ya langwaɓe? Ajiye ruwan nan tukuna

Duk wanda ya tashi da safe ya tarar da shukarsa ta sunkuyar da kai, hannunsa ruwa yake fara nufa. Haka muka saba ai, ganye ya yi yaushi ka ba shi ruwa, kafin yamma ya miƙe abinsa. To shi kaktus na cikin tukunya, shukar nan mai ƙaya da kaurin jiki, in ya langwaɓe ko ya kwanta gefe guda, wannan ruwan da zaka ɗauko da kyakkyawar niyya sau da yawa shine ke ƙarasa shi. Ba wai ba ya jin ƙishi bane, yana ji mana, matsalar dai ita ce wanda ƙishi ya dama da wanda ruwa ya yi wa yawa in ka kalle su daga sama kusan kamarsu ɗaya, duk sun motse, duk sun kasa tsayuwa, launinsu ya dusashe. Ido kaɗai ba zai raba maka gardama ba. Sai ka taɓa, wani lokacin ma sai ka zazzage tukunyar gaba ɗaya.

Bari in fara da abun da ke tsayar da shi tun farko, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Ƙaramin kaktus ba shi da wani itace na kirki a ciki, yawancin jikinsa nama ne mai cike da ruwa, a wasu irin ruwan yakan kai kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa, kuma cikar nan ce ke riƙe shi a tsaye yanda iska ke riƙe tayar keke. Ruwa ya ragu a jiki, sai ya saki. Kenan yawanci kaktus ɗin da ya yi laɓaɓa ruwa ne bai isa jikinsa ba, wannan gaskiya ne, amma abun tambaya shine me ya hana ruwan isa? Ko dai babu ruwan a cikin ƙasar, ko kuma ruwan na nan jingim amma saiwar da zata zuƙo shi ta riga ta mutu. A gidaje na biyun nan ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Saiwa tana numfashi, mutane da yawa ba su san wannan ba. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƴan ramuka da iska ke zama, in ruwa ya cike su ya kwana ya wuni ya sake kwana, ƙananan saiwoyin nan masu kamar gashi sai su shaƙe su mutu, daga nan ƙwayoyin cuta masu son damshi irin su Fusarium da Pythium da Phytophthora su samu ƙofa su shiga, su bi saiwa su hau gindi. Shi kuma saman tunda ba mai kawo masa ruwa sai ya fara cin wanda ya tara, ya yamutse, mai shi ya gani ya ce wayyo ƙishi yake ji ya ƙara masa kofi guda, gobe ya ƙara, garin gyaran gira a rasa ido. Kuma kaktus ba ya nuna ciwo da wuri, saboda tanadin da yake da shi zai iya yin makonni yana tsaye kore shar alhali ƙasansa ya gama lalacewa, ranar da ka ga ya karkace to aikin ya daɗe da yin nisa.

Don haka gindi zaka fara dubawa, daidai inda jikinsa ya haɗu da ƙasa. Kar ka sa yatsa kai tsaye fa, ka nemi bayan fensir ko ka ninka takarda mai kauri ka danna a hankali. In ya yi tauri, ko da sama ya yamutse, ka yi ajiyar zuciya, akwai sauran dama sosai. In ka ji ya lotsa, wurin ya yi ruwan ƙasa ko baƙi ko wani rawaya-rawaya mai sheƙi kamar an jiƙa shi, ka kai hanci kuma ka ji wani ɗan ɗoyi, ruɓa ce. Amma a nan akwai inda ake ruɗewa, tsohon kaktus gindinsa yakan sauya ya koma ruwan ƙasa ya yi ɓawo mai kaushi, wannan tsufa ne ba ciwo ba, jikinsa ne ke ƙara ƙarfi don ya ɗauki nauyin sama. Bambancin a taɓawa yake, na tsufa a bushe yake ƙam, na ruɓa kuwa laushi gare shi da damshi. Bayan nan ka soka dogon tsinke har ƙasan tukunyar ka bar shi ƴan mintoci ka zaro, in ya fito da sanyi da ƙasa manne a jiki to ciki a jiƙe yake ko da saman ya bushe ƙurmus. Ka ɗaga tukunyar ma ka ji nauyinta, da sannu hannunka zai saba da bambancin jiƙaƙƙiya da busasshiya har ka daina neman tsinke. Sai ka ɗan girgiza shukar kaɗan, mai lafiyayyar saiwa a kafe yake, wanda saiwarsa ta tafi zaka ji yana rawa a cikin ƙasar.

In har yanzu kana kokwanto ka fito da shi. Mutane na tsoron wannan, gani suke zasu ji masa ciwo, alhali kaktus ya fi kusan kowace shukar tukunya jure zama a waje, zai yi kwanaki a kan tebur ba ƙasa ba ruwa ba abun da zai same shi. Ka naɗe tsohuwar jarida ta yi kauri ka zagaye jikinsa da ita ka riƙe bakin biyun, ka kwantar da tukunyar ka bubbuga gefenta, zai zame ya fito. Safar hannu ta yadi ba ta hana komai, musamman in irin Opuntia ne mai faffaɗan jiki, waɗannan bayan manyan ƙayoyi suna da wasu ƙanana sirara masu ƙugiya da ido da ƙyar yake ganinsu, su ke shiga fata su hana ka sakat, sai da matsefata ko ka shafa gam ya bushe ka ɓare.

Kwanakin baya wata ƴar uwa ta kawo min nata, irin doguwar sandar nan, ya kwanta a bakin tukunya, tana cewa wai ita fa ba ta taɓa barinsa da ƙishi ba. Da muka juye tukunyar ƙasar ta fito a dunƙule, baƙa, sanyi ƙalau, ka matsa ta a hannu ruwa na tsattsafowa. Saiwoyin da ya kamata su zama farare ko ruwan madara masu ɗan ƙarfi, sun koma ruwan ƙasa, in ka ja guda ɗaya sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare a tsakiya. Wannan saɓulewar in ka gan ta sau ɗaya ba zaka sake mantawa ba. Tukunyar kuwa tangaran ce mai kyau da zanen fure, ba huji ko ɗaya a ƙasanta.

In ruɓar a saiwa kaɗai ta tsaya gindi bai taɓu ba, aikin ba wuya. Ka kakkaɓe tsohuwar ƙasar duka, ka goge almakashi da sifirit ka yanke duk saiwar da ta yi laushi, ko da abun da zai rage kaɗan ne, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa na kamar mako guda ya sha iska, sannan ka dasa a busasshiyar sabuwar ƙasa, kuma kar ka ba shi ruwa sai bayan wani makon ko fiye. Nasan wannan yana yi wa mutane nauyi, mun saba dashe da ban ruwa tare suke tafiya, amma saiwar da aka yanka rauni ce a buɗe, ka jiƙa ta ka mayar da hannun agogo baya.

In kuwa ta hau gindi, to sai yanka. Babu maganin da zaka zuba ya mayar da ruɓaɓɓen nama lafiyayye, abun da ya tafi ya tafi, saman kawai zaka ceta. Ka samu wuƙa mai kaifi ko reza, ka goge da sifirit, ka yanke sama da inda laushin ya tsaya da ƴar tazara. Sai ka kalli fuskar yankan da kyau a wuri mai haske. Lafiyayyen ciki fari ne ko kore-kore mai ruwa, kuma a tsakiya zaka ga wani zobe, nan ne hanyoyin da ruwa ke bi. Zoben nan shi zaka zuba wa ido, don cutar ta nan take hawa tun kafin ta nuna a waje, in ka ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ko ja-ja ko ruwan lemo a jikinsa to ba ka kai ba, ka sake goge wuƙar ka ƙara yankawa sama, haka haka har sai fuskar ta fito tas. Goge wuƙa tsakanin kowane yanka ba tsirfa bace, in ba haka ba kai da kanka kake ɗaukar cutar kana shafa wa wuri mai lafiya. Wani lokacin zaka yi ta yanka har ka ƙure kan ba ka samu wuri mai tsabta ba, to sai haƙuri. Wani lokacin kuma ɗan guntu mai tsawon yatsa zai rage, kar ka raina shi, yana iya rayuwa.

Akwai wata ƴar dabara da masu harkar ke yi, bayan yankan sai su fere gefen kewaye kaɗan ya ɗan yi tsini, saboda in ya fara bushewa tsakiyar ce ke shigewa ciki fatar gefe kuma ta tsaya, sai ya zama inda saiwa zata fito bai taɓa ƙasa ba. Daga nan ka jingine shi a tsaye a inuwa, ba cikin rana ba, ba cikin leda ba, har bakin ya ƙeƙashe ya yi ɓawo. Siriri mako ɗaya zuwa biyu ya ishe shi, mai kauri yakan ci wata guda ko fiye, kuma gara ka wuce lokaci da ka yi gaggawa. A tsaye na ce saboda in ka kwantar da shi ya daɗe kan zai lanƙwasa ya nufi sama, wani ma ya fara fidda saiwa ta gefe. In ya bushe sai ka ɗora shi a kan busasshiyar ƙasa ka ɗan nutsa shi kaɗan, ka tokare da duwatsu, ka manta da shi. Saiwa zata fito da kanta ba ruwa, tana neman damshi ne ma ya sa take fitowa. Bayan ƴan makonni ka ɗan taɓa shi, in ka ji ya kama ƙasa sannan ka fara ba shi ruwa kaɗan.

To sai ɗaya ɓangaren, ƙishi na gaske. Shima yana faruwa, musamman a hannun waɗanda aka tsorata da maganar ruɓa har suka koma ba shi cokali ɗaya a wata, ko suna fesa masa ruwa a jiki suna ganin sun yi ban ruwa. Wannan zaka same shi ya rame, layukan jikinsa sun matso kusa da juna, fatar ta yi tamoji, amma gindi da ƙarfinsa, ba wari, tukunya kuma ba nauyi. A daji ba da cokali ake ba su ruwa ba. A hamadar Sonora da ke tsakanin Amurka da Meksiko ruwan sama in ya zo da ƙarfi yake zuwa, ya jiƙa ko'ina sannan ya ɗauke ƙasa ta bushe da sauri, shi ya sa saguwaro, ƙaton nan mai hannuwa da ke wuce mita 12, yawancin saiwarsa ba ta wuce zurfin santimita 10 zuwa 15 ba, a kwance take bazuwa nesa don ta cafke ruwan kafin ya gudu. Haka ya kamata ka yi a tukunya, ka zuba sosai har ya fito ta hujin ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti, sannan ka ƙyale shi sai ƙasar ta bushe har ƙasa. Kwana nawa kenan? Ba wanda zai iya faɗa maka daga nesa, ya danganta da zafi da iska da girman tukunya da irin ƙasar, duk wanda ya ce maka duk ranar kaza to bai ga tukunyarka ba. Lokacin sanyi da girma ke tsayawa ka rage sosai, wasu ma a daina gaba ɗaya.

Wani abu da ke yaudarar mutane a nan, yawancin kaktus da ake sayarwa a cikin wata baƙar ƙasa mai laushi ta ruɓaɓɓen gansakuka suke zuwa, ita kuma in ta bushe ƙwarai sai ta ƙanƙance ta janye daga jikin tukunya ta daina shan ruwa, ka zuba ya bi gefe ya fita ta ƙasa nan take, kai kana murna magudana na aiki, tsakiya kuwa ko ɗigo bai shiga ba. In ka lura da haka ka tsoma tukunyar a roba mai ruwa zuwa rabinta na kamar rabin awa ta sha daga ƙasa, ka cire ta tsane. Cikin ƴan kwanaki zaka ga ya fara cika. Wanda aka ba ruwa da kyau ya yi mako biyu bai motsa ba, to saiwarsa ta bushe ta mutu ko ta ruɓe, koma ka zazzage.

Ita wannan ƙasar ni dai shawarata a canza ta tun farko, don jiƙewarta ma matsala ce, riƙe ruwa take ta ƙi saki. Abun da kake so shine haɗin da in ka jiƙa ka dunƙula a hannu ka buɗe zai wargaje, kamar rabi ƙasar shuka rabi abu mai tsakuwa-tsakuwa, ƙananan tsakuwa, ko dutsen aman wuta mai ramuka mara nauyi, ko fararen ƙwayoyin nan da ake kira farlayit, ko fasasshen jan bulo da aka tankaɗe ƙurarsa. In wurin da kake akwai damshi a iska ka ƙara yawan tsakuwar. Lallausan rairayi kuwa ka guje shi, mutane na ganin ai shukar hamada ce sai rairayi, amma mai laushin in ya haɗu da ƙasa toshe ramukan iskar yake yi ya daskare. Sai maganar jera duwatsu a ƙasan tukunya wai don ruwa ya wuce, wannan an daɗe ana yi amma ba ta aiki, ruwa ba ya barin lallausar ƙasa ya shiga cikin manyan duwatsu sai ta cika ta tumbatsa, kenan ka matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa ne kawai, kuma duwatsun ba sa maye gurbin huji. Huji dole ne. In tukunyar ado ce kake so to ka sa shi a ƙaramar mai huji ka zura a ciki, ranar ban ruwa ka fito da ita. Tukunyar yumɓu da ba a yi wa fenti ba ta fi yafiya saboda jikinta na fitar da damshi, kuma nauyinta na hana dogon kaktus kifewa, ta roba tana yi amma sai ka ƙara jinkirta ruwa. Girma kuma kar ta wuce faɗin shukar da yawa, babbar tukunya tarin ƙasa ce da saiwa ba ta kai gare ta ba, ita ce ke kwana da ruwa.

Akwai kuma langwaɓewar da ba ruwanta da ruwa sam, ta rashin haske. Wannan da ka gani zaka gane, kan ya yi tsini ya sirance, sabon tohon ya fito fari-fari ko kore mai haske, ƙayoyinsa ƙanana ko babu, ya miƙa wuya wajen taga, in ya yi tsawo sai siririn wurin ya kasa ɗaukar kansa ya karye ko ya lanƙwashe. Ɗakin da kai kake ganin yana da haske, a wajen kaktus duhu ne, idonmu ne ke daidaita kansa ba ma lura, haske yana raguwa sosai da ka matsa taku biyu uku daga taga. Abun da ya fi ba ni haushi shine jita-jitar nan wai kaktus na zuƙe wani tururi mai cutarwa daga kwamfuta, ba gaskiya bane, amma ta sa an jera bayin Allah a kan tebura a lungun ofis suna mutuwa a hankali. Inda ya sirance ba zai sake kauri ba har abada, ko ka bar shi da ƙugunsa haka, ko ka yanke kan ka bari ya yi ƴaƴa daga wurin. Kuma kar ka ce zaka rama masa ka ɗauke shi daga ɗaki ka dasa a tsakar rana, ƙonewa zai yi, fatar ta yi fari ko rawaya ta bar tabon da ba ya gogewa. A hankali ake yi cikin mako biyu ko uku, a fara da hasken safe. Na bakin taga kuma ka riƙa ɗan juya tukunyar lokaci-lokaci. Ko da yake karkata wajen rana ɗabi'arsu ce ko a daji, akwai Ferocactus na kudu maso yammacin Amurka da ke karkata kudu, su kuma Copiapoa na hamadar Atakama a Chile arewa suke fuskanta tunda su ta can ranarsu take.

Zafi ma yana kayar da shi, duk da sunan da ya yi. Kaktus da rana rufe ƙofofin numfashinsa yake don kar ruwa ya tsere, sai da dare ya buɗe ya ɗauki iskar da zai yi abinci da ita washegari, kenan yana buƙatar dare ya ɗan yi sanyi. A 2023 birnin Phoenix na jihar Arizona ya yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43 ko fiye, darare da yawa kuma bai sauka ƙasa da 32 ba, har aka riƙa ganin manyan saguwaro suna zubar da hannuwa wasu suna faɗuwa. In wannan ya faru da wanda ke cikin ƙasarsa ta gado, ka yi tunanin ƙaramin da ke cikin baƙar roba a kan siminti, ko a jikin gilashin da rana ke duka, saiwar dahuwa take. A irin wannan lokacin inuwar rana tsaka da iska yake buƙata, ruwa kuma a yi hattara don in zafi ya kai haka tsayawa yake cak ba ya sha sosai. Sanyi mai tsanani shima haka, in ruwan jikinsa ya daskare naman fashewa yake ya koma laushi, kuma kar a ajiye shi a saitin iyakwandishan. Amma akwai Opuntia da ke rayuwa har Kanada, su da gangan suke rage ruwan jikinsu su yamutse su kwanta in hunturu ya zo, bazara ta yi su tashi.

Ƙwari ba zan daɗe a kansu ba. In ka ga wani farin abu mai kama da auduga a lungunan jikinsa, ƙwaro ne mai tsotsar ruwa, ka jiƙa auduga da sifirit ka dangwale su ɗaya bayan ɗaya, ka sake dubawa bayan mako. Akwai ɗan uwansa da ke zama a saiwa, shi ba ka ganinsa sai ka zazzage ka tarar da farin gari-gari a jikin saiwar da cikin tukunyar, shukar kuma ta tsaya ba girma tana ta ramewa ba dalili. A wanke saiwar, a shanya, a canza ƙasa da tukunya, a raba shi da sauran.

Kafin duk wannan ma ya kamata mutum ya san wane iri ne a hannunsa, don dangin kaktus sun kai wajen iri 1,750 kuma ba duka ne ƴan hamada masu tsayuwa ba. Wasu rataya ce halittarsu. Schlumbergera mai falle-fallen gaɓoɓi da ke fure a ƙarshen shekara, asalinsa duwatsun gaɓar kudu maso gabashin Birazil ne, a kan bishiyoyi da duwatsu yake fitowa cikin inuwa da damshi, rassansa dama zubowa suke, shi ya fi son ruwa akai-akai kuma rana mai zafi na cutar da shi, in gaɓoɓinsa sun yi laushi sun yi ja-ja to ko rana ta yi yawa ko saiwa ta samu matsala. Rhipsalis ma haka yake zubowa, cikinsu ne ma ake da iri ɗaya tak da ke fitowa da kansa a wajen nahiyar Amurka, a Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Wasu ƙananan masu yatsu-yatsu kuma in sun yi tsawo kwanciya suke su bazu, lafiyarsu ƙalau. Sai mai jan kai ko rawayan kai ɗin nan da ke ɗaukar ido, shi shuka biyu ce aka haɗa, na saman ba shi da koren da zai yi abinci, na ƙasan mai kusurwa uku ke ciyar da shi, kuma na ƙasan ne ke fara laushi. Ƴan shekaru kaɗan yake yi ko a hannun gwani, in ka yanke jan kan ka dasa shi kaɗai ba zai rayu ba sai dai a sake ɗora shi a kan wani. Wani kuma abun da ke tukunyarsa ma ba kaktus bane, dangin ƙyarana da tinya ne. Kaktus na gaske ƙayarsa daga wani ɗan tudu mai gashi-gashi take fitowa, waɗancan ba su da shi, kuma in ka yanke su farin ruwa ke fita mai ƙona fata, in ya shiga ido kuwa babbar magana ce, don haka in zaka yi musu irin yankan da na faɗa ka kare hannunka da idonka.

Maganar tokara da sanda, ba na hanawa amma ba na so a fara da ita. Mutum ya ga shuka ta kwanta ya soka sanda ya ɗaure, ta miƙe a ido, hankalinsa ya kwanta, ruɓa kuma na can tana cin gindi. Sanda tana da amfani ga wanda aka duba aka tabbatar lafiyarsa lau nauyi ne kawai ya rinjaye shi, ko sabon dashe da bai kama ƙasa ba, a ɗaure da tsumma mai laushi ba waya ko zaren da zai yanke shi ba, kuma a soka ta can gefe kar a huda saiwa. Taki ma haka, kar ka ba mara lafiya, saiwar da ta ji rauni ƙonewa take, kuma taki mai yawa ko ga mai lafiya sa shi yake ya yi girman banza mai laushi wanda daga baya shi ke langwaɓewa. Ɗan kaɗan da aka tsinka da ruwa sosai lokacin da yake girma ya isa.

Farfaɗowarsa a hankali take zuwa, wata ɗaya wata biyu kana ganin kamar ba abun da ya canza. Can tsakiyar kansa zaka riƙa leƙawa, in ka ga sabbin ƙayoyi masu haske, wani lokacin ja-ja ko rawaya, da ɗan sabon kore a kewayensu, to saiwa ta kama aiki. Wanda kuma bai yi ba, ya narke ya zama ruwa, kar ka yi tattalin ƙasarsa ka zuba wa wani, zubar da ita zaka yi, ita kuma tukunyar ka wanke da sabulu ka jiƙa ta a ruwan bilic da aka tsinka, ka ɗauraye sosai ka shanya a rana kafin ka sake dasa komai a ciki.